Amsoshin Tambayoyinku: Kanwa da zufar dokin tsere

Jama'a masu sauraro, barkanmu da war haka. Wasiƙarmu ta farko daga wani mai kiwon dawaki ce a Daura. Ya ce ya ji ana bai wa dawakin tseren dogon zango sinadarin fotashiyam, shi kuwa tun tasowarsa kanwa ya ga ana ba doki. Yana tambaya, ashe ba abu ɗaya ba ne?

To Malam, ba ɗaya ba ne, kuma ina roƙonka ka saurara da kyau.

A irin wannan tsere, kamar gasar Tevis da ake yi a Kalifoniya ta Amurka tun 1955, doki kan ci kilomita 160 cikin kwana guda. In rana ta take, yana iya zubar da zufa lita 10 zuwa 15 a awa ɗaya. Zufar doki kuwa ta fi jininsa gishiri. Abin da ya fi zuba shi ne kuloraid, sai sodiyam (su biyun ne sinadaran da ke haɗuwa su zama gishirin girki), sannan fotashiyam.

Ita kanwa, ko da yake a Turance ana ce mata fotash, yawancinta sodiyam kabonet ce, fotashiyam ɗin cikinta kaɗan ne. Ga inda haɗarin yake: dokin da ya zubar da kuloraid mai yawa, tsamin jininsa ya riga ya yi ƙasa. Ka ɗura masa kanwa a wannan hali, ka ƙara dagula lamarin, domin ita ma kanwa rage tsami take yi. Shi ya sa wani lokaci za ka ga kwiɓinsa yana harbawa kamar shaƙuwa, daidai da bugun zuciyarsa, musamman in kalsiyam ma ya ragu. Da ka ga haka, sauka, cire sirdi, nemi likitan dabbobi.

A barga, fotashiyam ba ya wahalar samu. Harawa da ciyawa cike suke da shi, dawa da gero ne ba su da shi sosai. Gishirin girki shi ne abin da dokinka ya fi rasawa kullum.

Ranar doguwar tafiya, nemi haɗin gishirin da aka yi don dawaki, ka riƙa ba shi kaɗan-kaɗan bayan ya sha ruwa. Dokin da ya ƙi ruwa, kada a ɗura masa gishirin. Allurar fotashiyam kuwa, don Allah a bar wa likita, domin tana iya tsayar da zuciya nan take.

Sai wasiƙa ta gaba.