"Me Mutane Za Su Ce?": Lacca Kan Tsoron Bakin Mutane Da Tsoron Hukuncin Allah

Assalamu alaikum warahmatullah. Bayan godiya ga Allah da salati ga Manzon Allah sallallahu alaihi wasallam, ina gaida iyayenmu da malamanmu dake zaune a gaba, da iyayenmu mata dake can baya, idan ba kwa ji sosai ku aiko yaro a ƙara lasifikar.

Toh jama'a, abin da aka ce in yi magana a kai shine tsoron hukunci, na mutane da na Allah. Ni kuma da na zauna na duba sai naga matsalarmu ba wai bamu da tsoro bane, tsoro kam muna da shi har yayi yawa, inda muka ajiye shi ne ba daidai ba. Mutane muke tsoro irin tsoron da Allah ne kaɗai ya cancanta, shi kuma Allah muna masa zaton irin halin mutane, wato idan ka yi laifi sau ɗaya shikenan an rufe littafinka. Allah da kansa ya siffanta wasu a Suratun Nisa'i aya ta 108, yace suna ɓoyewa mutane amma basa ɓoyewa Allah, alhali yana tare da su lokacin da suke kwana suna ƙulla maganar da bai yarda da ita ba.

Bari in baku labarin Ka'abu ɗan Malik, don a ganina duk maganar nan tana cikinsa, kuma shi da bakinsa ya bada labarin, Bukhari da Muslim duk sun kawo shi.

Shekara ta 9 bayan Hijira aka fita yaƙin Tabuka. Zafi ake yi mai tsanani, tafiya mai nisa, ga dabino ya nuna a Madina. Ka'abu yace bai taɓa samun ƙarfi da wadata irin na wannan lokacin ba, har raƙuman hawa biyu gare shi. Ba munafunci ya hana shi fita ba, gobe-gobe ce, yau zan shirya gobe zan shirya, har runduna ta yi nisa. Da Annabi ya dawo ya shiga masallaci yayi raka'a biyu ya zauna, sai waɗanda basu je ba suka fara zuwa, mutum tamanin da wani abu, kowa da uzurinsa kowa da rantsuwarsa. Annabi ya karɓi zahirinsu, ya nema musu gafara, ya bar abin da ke zukatansu ga Allah. Kun ga waɗannan ai a idon gari sun fita, kowa ya tafi gida da mutuncinsa.

Sai ga Ka'abu. Kuma ku sani mutumin nan mawaƙi ne, ya iya magana, da kansa yace wa Annabi da a gaban wani nake cikin mutanen duniya da na san yadda zan fita daga fushinsa da uzuri, domin an bani iya zance. Amma wallahi na sani idan na yi maka ƙarya yau ka yarda da ni, ba da jimawa ba Allah zai sa ka yi fushi da ni, idan kuma na faɗa maka gaskiya ka ji haushina, ina fatan afuwar Allah a ciki. Ba ni da wani uzuri. Annabi yace wannan kam yayi gaskiya, tashi har Allah yayi hukunci a kanka.

Wajen da nake so ku saurara da kyau shine abin da ya biyo baya. Yana fita sai danginsa Banu Salima suka bi shi, haba Ka'abu, mu bamu taɓa saninka da laifi ba, ka kasa kawo uzuri kamar yadda kowa ya kawo? Ai istigfarin Annabi ya ishe ka. Yace suka yi ta zarginsa har saura kaɗan ya koma ya ƙaryata kansa. Ba maƙiya bane fa, dangi ne masu sonsa. Har yau haka abin yake, mai ce maka "rufa mana asiri kar ka ja mana magana" yawanci ba baƙo bane, gwaggo ce ko yaya ko aminin da kuka taso tare.

Aka hana kowa yi musu magana, shi da Murara ɗan Rabi'u da Hilalu ɗan Umayya, kwana 50. Su biyun suka zauna a gida suna kuka, shi da yake ya fi su ƙuruciya yana fita kasuwa yana zuwa sallah ba mai kula shi. Yayi wa Annabi sallama ya tsaya yana tambayar kansa, leɓensa ya motsa kuwa ko bai motsa ba? Ya haura katangar gonar Abu Ƙatada, ɗan baffansa wanda yafi so a cikin mutane, yayi sallama ba a amsa ba, ya haɗa shi da Allah ko ka san ina son Allah da Manzonsa, sai a karo na uku yace masa Allah da Manzonsa ne suka fi sani. A cikin wannan halin aka kawo masa wasiƙa daga sarkin Gassan, wai mun ji mutuminka ya wulaƙanta ka, taho wajenmu mu karrama ka. Ya jefa ta a tanderu. Da aka yi kwana 40 sai aka ce su nisanci matansu. Da asubar kwana na 50 yana zaune a saman ɗakinsa sai ya ji murya daga dutsen Sal'u, ya Ka'abu ɗan Malik yi bushara! Aya ta 118 a Suratut Tauba ta sauka. Ka'abu ya tuɓe tufafinsa biyu ya ba wanda ya kawo masa albishir, sai aro yayi ya saka ya tafi masallaci, Annabi yace masa yi murna da mafi alherin ranar da ta taɓa zo maka tun da mahaifiyarka ta haife ka.

Su kuma masu uzurin fa? Ku buɗe surar dai, aya ta 96. Suna rantse muku don ku yarda da su, to ko kun yarda da su Allah baya yarda da fasiƙai. Yau shekara sama da 1400 ana karanta wannan a tarawihi, yara suna haddacewa.

Akwai wanda bakin mutane ya cutar fiye da haka. Abu Ɗalib, baffan da ya tsaya wa Annabi shekara da shekaru, a ruwayar Muslim da aka ce ya faɗi kalmar shahada yana gargarar mutuwa, cewa yayi ba don kar Ƙuraishawa su goranta min su ce tsoro ne ya sa ni ba, da na faranta maka rai da ita. Mutum yana barin duniya amma lissafin majalisar Makka yake yi.

Yanzu mu dawo gida. Uba yana ɗaukar albashin da baya kai shi ƙarshen wata, amma za a aurar da 'ya, sai an yi kamu an yi dina an yi anko kala uku, ga kayan ɗaki ga gara, ya sayar da fili ya ci bashi, wani ma bashin da ruwa. Ka tambaye shi Alhaji dole ne? Yace kar a raina mu. Waɗanda yake tsoron rainin nasu zasu ci shinkafa su ɗauki hoto su sa a Facebook su ce naman yayi kaɗan, shi kuma mai bashi yana ƙofar gida. Wannan ma mai sauƙi ne, kuɗi ne, ana mayarwa.

Mai nauyin shine inda rai yake ciki. An yi gwajin jini an ga saurayi AS budurwa AS, wato kowannensu yana ɗauke da ƙwayar gadon sikila, likita yayi bayani ƙarara cewa duk cikin da aka ɗauka akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai sikila, kuma kowane ciki lissafinsa daban, ba wai idan an haifi ɗaya sauran ukun sun tsira ba. Sai a ce ai an riga an kai lefe, an raba kati, me za mu ce wa mutane? Har a samu mai neman a canza masa takardar sakamako. A Kano an sa hannu a dokar gwaji kafin aure a 2024, amma doka bata shiga zuciya, wanda ya fi tsoron dangi a kan Allah zai nemo hanya. Yaron da zai kwana yana ihun ciwon ƙashi ba a yi shawara da shi ba, kuma masu cewa "ai an fasa auren wance" ba zaka ga ko ɗaya a bakin gadon asibiti ƙarfe 2 na dare ba.

Haka yarinya ta samu yoyon fitsari wajen doguwar naƙuda a ɓoye ta a ɗakin baya, alhali ana ɗinke shi, ga asibitin Babbar Ruga a Katsina an daɗe ana wannan aikin. Haka matashi ya fara ciwon ƙwaƙwalwa a ɗaure shi a gida don kar a ce ɗan gidan wane an kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau. Wanda yafi ƙona min rai, a lalata ƙaramar yarinya, a san wanda yayi, a taru a zaure a ce a rufa asiri. Asirin wa? Iyayenmu mata ku yi haƙuri zan faɗa, sau da yawa daga cikin gida ake fara cewa a yi shiru kar ta rasa miji. Shi kuma ya tashi ya koma kan 'yar maƙota.

Kar wani ya fita yace malam yace a daina kunya. A'a. Annabi yace kunya bata zuwa sai da alheri, kuma da Nawwas ɗan Sam'an ya tambaye shi zunubi, cewa yayi abin da ya sosu a ƙirjinka kuma baka so mutane su gani. Idon mutane yana da amfani, yana hana ɓarna da yawa. Kuma laifin da ke tsakaninka da Ubangijinka ba a ce ka hau TikTok ka bada labari ba, hadisi yace duk al'ummata ana musu afuwa sai masu bayyanawa, Allah ya rufa maka asiri da dare ka wayi gari ka tona. Ka'abu tambayarsa aka yi a gaban wanda ke da haƙƙin tambaya ya ƙi yin ƙarya. Ma'aunin kenan, idan shirunka zai ci haƙƙin wani ko zai sa ka ƙarya, wannan ba kunya bace.

Ɗaya ɓangaren kuma, masu cewa ni ai nawa ya ƙare. Zaka ga yaro ya faɗa shaye-shaye ya daina zuwa masallaci, ka tambaye shi yace Allah bazai karɓi sallar irina ba. Wa ya gaya masa? Mu ne, da kallon da muke masa idan ya shigo sahu. A zamanin Annabi akwai wani sahabi da ake yawan kawowa saboda giya, wata rana wani ya tsine masa, Annabi yace kar ku tsine masa, wallahi abin da na sani yana son Allah da Manzonsa, Bukhari ya kawo. Muslim kuma ya kawo wanda yace wallahi Allah bazai gafarta wa wane ba, Allah yace waye wannan mai rantsuwa a kaina, na gafarta wa wane na ɓata aikinka. Suratuz Zumar aya ta 53, waɗanda suka yi wa kansu ɓarna ake kira da "bayina", ake ce musu kar ku yanke ƙauna. Mutanen unguwa ne idan ka tuba shekara 20 suke tuna maka, ko ka je Makka ka dawo a ce ai shine wanda yayi kaza.

An miƙo takardu, lokaci ya tafi, zan ɗauki biyu.

Wannan yace ya fara azumin Litinin da Alhamis sai abokai suka fara ce masa ustazu, yana tsoron riya ko ya daina? Ɗan'uwa kar ka daina. An ruwaito daga Fudailu ɗan Iyad cewa barin aiki saboda mutane riya ne, yin aiki saboda mutane shirka ne, ikhlasi shine Allah ya kuɓutar da kai daga duka biyun. Ci gaba da azuminka, idan an miƙo maka shayi kace alhamdulillah ina azumi, ba sai ka yi dogon bayani ba, sati biyu zasu gaji.

Ta biyu daga ɓangaren mata take, tace an sa ranarta saura wata ɗaya, gwaji ya nuna su biyun AS ne, iyayenta sun ce a yi shiru a dogara ga Allah. 'Yata, ki koma wajen likita ke da mahaifinki ya ji bayanin da kunnensa, don sau da yawa iyaye ba mugunta bace, basu gane lissafin bane. Idan bai saurare ki ba ki samu wanda yake jin nauyinsa, baffa ko limamin unguwa, kuma ki yi a makon nan tun ba a fara raba goro ba. Lefe ana mayarwa, ba yau aka fara ba. Limamai dake nan kuma don Allah ku riƙa karanta takardar gwajin da idonku kafin ku ɗaura, kar ku tsaya a "ai an yi".

Sauran takardun a bar su wajen masu shiri, in Allah ya kaimu zama na gaba da su zamu fara. Subhanakallahumma wa bihamdika, wassalamu alaikum warahmatullah.