Wa zai riƙe yaƙi da cutar ƙanjamau idan masu tallafi suka janye?

Masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci.

A ranar 20 ga Janairun 2025, Shugaba Donald Trump ya sa hannu a kan umarnin dakatar da tallafin da Amurka ke bai wa ƙasashen waje na kwana 90. Kafin a ankara, an rufe ɗakunan karɓar maganin ƙanjamau a wasu ƙasashen Afirka, an ce wa ma'aikata su zauna a gida. Daga baya an yi sassauci kan maganin masu ɗauke da cutar, amma hukumar USAID ta Amurka mai tallafa wa ƙasashe, wadda kaso mai yawa na kuɗin ke bi ta hannunta, ba ta ga ƙarshen shekarar ba.

Babu mai raina abin da PEPFAR, shirin Amurka na yaƙi da ƙanjamau a ƙasashen waje, ya yi. Tun da Shugaba George W. Bush ya kafa shi a 2003, an kashe sama da dala biliyan 100, an kuma ceto rayuka kimanin miliyan 25. Sai dai zanen aro ba ya rufe katara, kuma shugabannin Afirka sun san haka. Su da kansu suka taru a Abuja a watan Afrilun 2001, suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu ga kiwon lafiya. Ƙasashen da suka taɓa cika alkawarin, da yatsu za a ƙirga su.

Da an ce a dogara da kai, hankalin mutane sai ya tafi kan sayen magani. To, maganin ya yi araha. A shekarar 2000, na mutum ɗaya yakan haura dala 10,000 a shekara, yau kuwa ƙwayar TLD da ake sha sau ɗaya a rana ba ta kai dala 45 a shekara ba. Inda gizo ke saƙar shi ne mutanen da ke kai maganin ga mai shansa. Akwai mai babur da ke ɗaukar jini daga ƙaramin asibiti zuwa ɗakin gwaji mai nisa, don a auna yawan ƙwayar cutar. Akwai matar da ita ma take ɗauke da cutar, wadda ke bin sawun mai juna biyu har gida idan ba ta zo karɓar maganinta ba, ta lallashe ta cikin sirri. Akwai mai shigar da bayanai a kwamfuta, wanda shi ne ke fara gane cewa magani ya kusa ƙarewa a ma'ajiya. Da yawansu sunayensu ba sa cikin jerin ma'aikatan gwamnati, ƙungiyoyin da ke karɓar tallafi ne ke biyansu. Ranar da kuɗi ya tsaya, su ma suka tsaya.

Wannan magani kuwa ba ya son tsaiko. Idan mutum ya daina sha, cikin makonni ƙwayar cutar za ta sake yawaita a jininsa, tana iya bijire wa maganin, uwa kuma tana iya sa wa jaririnta.

Afirka ta Kudu ta nuna mana haka ƙarara. Ita ke sayen mafi yawan maganinta da kuɗinta, amma da Amurka ta janye, dubban ma'aikata suka rasa aiki. Zimbabwe kuma tun 2000 take karɓar harajin ƙanjamau, kashi 3 cikin 100 a kan harajin kuɗin shiga. Bai wadatar ba, hauhawar farashi ta sha cinye shi, amma dai ba a jiran sa hannun wani shugaban ƙasar waje kafin ya shigo. Najeriya ta ƙara dala miliyan 200 a kasafin 2025 don cike giɓin. An yaba, sai dai rubuta kuɗi a kasafi daban, sakinsa a kan lokaci daban, kuma a nan ne ya kamata 'yan majalisa su sa ido.

Ana kuma shawarar a haɗe ɗakunan maganin ƙanjamau da sauran sassan asibiti don rage kashe kuɗi. Shawara ce mai kyau, da sharaɗin a kiyaye sirri. Wanda ke tsoron maƙwabcinsa ya gan shi a layi, ko wani ma'aikaci ya kwarmata zancensa, ba zai dawo ba. Saboda haka a zauna da ƙungiyoyin masu ɗauke da cutar tun kafin a yanke hukunci, don su suka san inda ake rasa mutane.

Ga kuma lenacapavir, allurar kariya da ake yi sau biyu a shekara, wadda aka cimma yarjejeniyar kamfanonin Indiya su sayar da ita a kan dala 40 a shekara daga 2027. Ministocin kuɗi ya kamata tun yanzu su fara lissafin mutum nawa za su saya wa, da kuma albashin wanda zai yi musu allurar.