Takardar Lafiyar Tsirrai da Fataucin Kayan Gwari a Iyakokinmu

Lacca ce da aka gabatar wa 'yan kasuwar kayan gwari a Marwa ta ƙasar Kamaru, aka rubuto ta daga faifan da aka naɗa.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Sarkin kasuwa, Allah ya ja zamaninka. Alhazai iyayen gidanmu, iyayenmu mata masu tumatir da albasa, direbobi da 'yan kamasho, barkanku da zuwa.

Duk wanda ya taɓa ɗauko kwandunan tumatir daga Mubi, ko ya loda albasa zuwa Njamena ta gadar Ngeli, ya san tsayuwar kan iyaka. Rana na duka, kaya na zubar da ruwa, ana neman takardu. Da yawanmu mun haɗe takardun nan wuri guda, mun ce duk hanyar karɓar kuɗi ce. Wannan fahimtar nake so mu gyara yau, domin ƙofofi biyu ne daban, kuma ɗaya daga ciki gonakinmu take tsarewa.

Ƙofar farko ta 'yan duwan ce, wato kwastan, kuma ba zan daɗe a kanta ba. Kamaru da Cadi suna cikin CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin ƙasashen tsakiyar Afirka, tare da Gabon, Kongo, Afirka ta Tsakiya da Ikwatoriyal Gini. Amfanin gonar da aka noma a ɗaya daga cikin ƙasashen nan shida, a ƙa'ida ba a biya masa kuɗin fito idan zai shiga wata. Najeriya kuwa tana ƙungiyar ECOWAS, saboda haka kayanta kayan waje ne, ko da ɗan'uwanka ne ya noma su a hayin kogi. Kuɗin fiton kayan waje hawa-hawa ne, kuma abin da ake saya a ci kai tsaye shi ke sama. Duk abin da ka biya, ka karɓi rasit.

Ƙofa ta biyu ta ma'aikatan gona ce. A nan Kamaru, doka mai lamba 2003/003 ta 21 ga Afrilu 2003 ce ta tsara kare lafiyar tsirrai, kuma ma'aikatar aikin gona ke da jami'an da ke duba kaya a mashigar ƙasa. Cadi ma tana da tata dokar tun 1995. Tushensu duka yarjejeniyar duniya ce ta 1951 ƙarƙashin hukumar abinci ta FAO, kuma majalisar Tarayyar Afirka mai kula da wannan fanni a Yawunde take zaune. Abin da ake nema a wurin mai shigo da kaya shi ne izinin shigowa, da takardar shaida daga ƙasar da kayan suka fito cewa an duba su, ba su ɗauke da ƙwaro ko cutar da ake gudu. Idan jami'i ya ga matsala, doka ta ba shi ikon ya sa a yi wa kayan magani, ko ya mai da su inda suka fito, ko a lalata su.

To me ake gudu haka? Masu tumatir za su amsa mini. Tsutsar nan da ake kira Tuta absoluta asalinta Kudancin Amurka ne. A 2006 aka fara ganinta a Sifen, daga nan ta bi gaɓar Bahar Rum ta shigo Afirka. A 2016 ta cinye lambunan Kano da Kaduna har gwamnatin Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan tumatir, kwando ya yi tsadar da ba a taɓa gani ba. Wannan tsutsa cikin ganye da cikin 'ya'yan take shiga ta ɓuya, shi ya sa feshi bai cika kai mata ba, kuma a ƙasa mai zafi irin tamu tana iya hayayyafa sau goma ko fiye a shekara. Tafiya mai nisa kuwa, a motarmu take yin ta: cikin tumatir, cikin dashe, cikin kwandon da aka juye aka mayar lambu ba a kakkaɓe ba. Wannan maganar kwando ku riƙe ta, Alhazai. Kwandon kaba yana da saƙo-saƙo inda ƙwai da tsutsa ke maƙalewa. Akwatin roba ana iya wanke shi, kuma ba ya matse tumatir na ƙasa. Na san kuɗinsa ya fi yawa, amma idan ƙungiya ta saya tana ba da haya, nauyin zai ragu.

Masu mangwaro ma sun ɗanɗana. Ƙudan nan da ke sa ka yanka mangwaro mai kyan baya ka tarar da tsutsa, mafi ɓarnarsu daga Asiya ya zo, an fara kama shi a Kenya a 2003, cikin 'yan shekaru ya bazu har yammacin Afirka. Macen tana huda fatar ta saka ƙwai a ciki, tsutsa ta ci naman, mangwaron ya faɗi, ita kuma ta shige ƙasa ta fito da fukafukai. Ke nan juji na bayan kasuwa inda muke zubar da ruɓaɓɓen kaya, mu da kanmu muke kiwon ƙudan a can. A haƙa rami mai zurfi a binne, ko a ƙulle a baƙar leda a bar ta a rana har tsutsar ta mutu. Wannan aiki bai buƙatar izinin kowa.

Akwai kuma maganar ragowar maganin ƙwari, wadda ta fi damuna, domin 'ya'yanmu ne ke cin salak da kabejin nan ɗanye. Kowane magani yana da kwanakin da za a jira bayan feshi kafin a tsinka, a rubuce suke a jikin kwalba. A watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan fiya-fiya da aka samu a ciki. Manomin da bai taɓa zuba fiya-fiya a rumbunsa ba shi ma kasuwar ta rufe masa, don ƙasa gaba ɗaya ake hukuntawa. Matasa masu burin fitar da mangwaro ko barkono zuwa Turai, ku sani tun 14 ga Disamba 2019 duk wani ɗanyen kayan marmari sai da takardar lafiya, ban da guda biyar: abarba, ayaba, kwakwa, dabino da wani ɗan itace na Asiya da ake kira duriyan.

Yanzu ga gaskiyar da ya kamata a faɗa wa hukuma. Kayan gwari ba sa jira. Motar tumatir da ta kwana a kan iyaka, rabinta ya tafi. Idan shingaye suka yi yawa tsakanin Marwa da Kusiri, kowa na miƙo hannu, ɗan kasuwa zai bi ta daji ko ya sa kaya a kwalekwale ya ƙetare kogin Logon da dare, kuma wannan kayan ba idon da zai gan shi. Haka nan jami'in da ya buga hatimi bai buɗe kwando ko ɗaya ba, ya cuci manomin da ke lambu a bakin Binuwai. Abin da za mu nema da murya ɗaya shi ne a fara duba kayan gwari kafin motocin siminti da ƙarfe, a manna farashin kowace takarda a bango inda kowa zai karanta, kuma a yi duban da gaske.

Mu kuma namu aikin, mu nemi takarda tun a wurin lodi. Wanda ya sayo daga Najeriya, hukumar NAQS mai duba lafiyar kayan gona ce ke bayar da ita. Ƙananan 'yan kasuwa, musamman iyayenmu mata masu kwando biyar ko goma, su haɗa kaya a mota ɗaya da sunan ƙungiya, takarda ɗaya ta ɗauke su duka. Kada a haɗa kaya da ganye ko ƙasar gona a jiki, a tsince ruɓaɓɓe kafin a ɗaure. Dashen tumatir da irin dankali kuwa sun fi komai haɗari, tunda kai tsaye gona za su, don haka kada kowa ya shigo da su sai da izini.

Sarkin kasuwa, na ga la'asar ta gabato. Hajiya da ke can baya ta daɗe da ɗaga hannu, a miƙa mata lasifika mu fara da tambayarta.