Amsoshin Tambayoyinku: Rediyon Mota, Sifika da Batirin da Ke Kwana a Mace

Mai gabatarwa: Jama'a masu saurare, barkanmu da war haka. Yau takardu sun cika mana tebur, ga saƙonnin waya, kuma kusan duk bakinsu ɗaya: yadda mutum zai gyara sautin motarsa ba tare da ya kai buhun gero kasuwa ba. Muna tare da oganmu mai gyaran wutar mota, wanda ya yi furfura a harkar rewaya. Oga, sannu da zuwa.

Oga: Yauwa, sannunmu dai. Furfurar nan ta gado ce, kada ka tsufar da ni a gaban jama'a.

Mai gabatarwa: To, mun ji. Ta farko daga Ringim. Mai tambaya ya ce motarsa kaset kawai take ci, shi kuwa karatun malamai duk yana cikin wayarsa. Wannan ko ni zan amsa. Akwai 'yar na'urar da ake sokawa a ramin kunna sigari, tana karɓar memori da Bluetooth. Ka saita ta a lambar FM da babu tasha a kai, ka kai rediyonka wannan lambar, shi ke nan. Ba a yanka maka waya ko ɗaya ba.

Sai wani mai Hijet daga Kazaure. Ya ce rediyonsa ba ya wuce lamba 90, tashoshi kaɗan yake kamawa. Ko eriya ce?

Oga: Eriya ba ta da laifi. Motar Japan ce, su can tsofaffin rediyoyinsu daga 76 suke farawa su tsaya a 90. Mu kuma namu daga 87.5 ne zuwa 108. Ka ga ɗan gefen kawai kuka haɗu. Ko ya sa kwanbata, 'yar na'urar da ke sauya lambar tasha, a bayan rediyon, tsakaninsa da eriya, ko ya cire shi ya sa wani. Su ma na Amurka da nasu halin, a FM tsallake suke yi, a AM kuma goma-goma suke tafiya, mu kuwa tara-tara, shi ya sa wani zai zo maka da Camry ya ce...

Mai gabatarwa: Oga, mu bar Amurka a nan, agogo na kallona. Ga wadda nake so mu zauna a kanta, domin mutum huɗu ne suka aiko da irinta. Wani direban Sharon mai lodin Gaya zuwa Wudil ya rubuto: "Na sa sabon rediyo da wufa a but. Tun daga ranar, kullum da asuba sai an tura ni. Ranar Juma'ar kasuwar Wudil ina ji ina gani aka ba wani layina. An ce in sayi sabon batir." Wufa dai ita ce babbar sifikar nan mai kaurin sauti. Oga, ya saya?

Oga: Ai batir, ranka ya daɗe, mutanenmu ba sa kula da shi. Sai ka buɗe ka tarar kan ya yi fari fat da gishiri, ruwa ya ƙafe, an ɗaure shi da igiyar roba yana ta rawa a hanyar burji. Zafin nan na bazara kuma yana cin batir fiye da...

Mai gabatarwa: Duk gaskiya ne, amma mutumin nan ya ce lafiya lau yake kafin a sa rediyo.

Oga: To ai nan na nufa. Kada ya saya tukuna. Rediyon kasuwa wayoyin wuta uku yake zuwa da su. Akwai rawaya, ita ce ke shan wuta dare da rana, amma kaɗan take sha in rediyo na kashe, don kawai ya riƙa tuna agogo da tashoshinka. Akwai ja, ita ba ta samun wuta sai an murɗa makulli. Sai baƙa, ita ce ta at, ta jikin ƙarfen mota. To da yawa daga cikin motocin Jamus, irin su Golf da Sharon da Vectra, a soket ɗinsu gurbin ja da na rawaya a juye suke. Yaro zai jona, ya ga duk sanda aka kashe mota rediyo ya manta tashoshi. Maimakon ya musanya wayoyin biyu, sai ya murɗe su wuri guda ya ɗora a kan wutar da ba ta ɗaukewa. Mai mota ya ji kiɗa, ya biya, ya tafi. Daga ranar makulli ba shi da iko da rediyon.

Mai gabatarwa: Wato ko an zare makulli yana nan a farke.

Oga: Yana nan. Sannan ga amfilifayar da ke tura wufar. Tana da wata siririyar waya, shuɗiya ce, galibi da ratsin fari, daga bayan rediyo take zuwa. Ita ce ke ce mata tashi, ita ce ke ce mata kwanta. Mai gaggawa sai ya ɗauko guntun waya ya haɗa wannan gurbin da babbar wayar batir. To amfilifaya ta zama mai gadi, ba ta barci.

Mai gabatarwa: Bari in maimaita saboda wanda ke kan hanya. Rawaya, wutar kullum. Ja, wutar makulli. Shuɗiya, daga rediyo zuwa amfilifaya. Direban Gaya, yau da daddare ka zare makulli, ka danna rediyo. In ya kama, ga ɓarawonka. Ka buɗe but, in ka ga 'yar fitilar amfilifaya na ci, ga na biyu. Haka ne, Oga?

Oga: Haka ne. In duka biyun lafiya, sai a auna caji. Mota na aiki, mita ta nuna wajen volt 14, ko ƙasa da haka kaɗan. In ta tsaya a 12 da 'yan kai, altaneta ce ba ta caji. Amma akwai abin da ya fi turin mota tayar min da hankali. Babbar wayar nan da aka ja daga batir zuwa but, a duba ko akwai fis a kanta kusa da batir, kamar kamu ɗaya, kada ya wuce haka. Wayar ta bi ta ƙarƙashin kafet, ta ratsa ƙarfe. Hanyoyinmu kuwa ka san su. Ranar da ƙarfe ya goge robar, in babu fis, wayar za ta yi ja wur, kafet ya kama. Ga fasinja goma a ciki, ga galan ɗin fetur a baya.

Mai gabatarwa: Subhanallahi. Ka ji, malam direba. Kuma ba waya ake naɗawa a gurbin fis ba, ba takardar sigari ba. Na san halinku a tasha, in ya ƙone sai a ce "ɗaure shi mu je". Fis kusa da batir, na sake faɗa. 

To, wani malamin firamare daga Birnin Kudu, mai tsohuwar Corolla. Ya ce albashi ba ya ɗaukar wasa, abu ɗaya tak zai iya saya. Rediyo mai allo, ko sifika, ko wufa?

Oga: Sifikun ƙofar gaba. Su ne kusa da kunnensa. Motar da ta shekara 20, ta sha rana, ta sha ƙurar hunturu, damina ruwa ya bi gilashi ya sauka cikin ƙofa, in ka kwance za ka tarar bakin takardar ya zagwanye. Ko rediyon miliyan ka jona mata, karkarwa za ka ji. Ya cire tsohuwar ya tafi da ita hannu don a gwada faɗi da zurfi, yawanci inci 6 da rabi ne, amma kada ya yi cinikin baki. Ya duba bayanta an rubuta om 4, ita ce ta mota. In Ƙofar Ruwa zai shiga ya ɗauki ta Beljiyam, ya danna takardar a hankali da yatsu. In ya ji tana gurza, ta ƙone, ya ajiye musu kayansu.

Mai gabatarwa: Masu kwali fa da aka rubuta wat 1000?

Oga: Rubutu ne, tawada ba ta tsada. Rediyon da ya ce 50 sau 4, ainihin ƙarfin da yake bayarwa a kai a kai bai wuce 15 zuwa 20 ga kowace sifika ba. Ya nemi inda aka rubuta RMS, wannan ce lambar gaskiya. Wajen ɗaurawa kuma kada a juya wayoyin ɗaya. In aka juya, ɗaya na turawa ɗaya na ja, sai kaurin muryar ya ɓace. Da batirin tocila ake ganewa, ka ɗan taɓa shi a jiki, in takarda ta yo waje, to inda kan batirin yake nan ne gurbin wuta. Sannan ya ɗaure murfin ƙofa da kyau, ya cusa soso inda ke kaɗawa. Rabin abin da mutane ke kira lalacewar sifika, ƙofa ce ke rawa.

Mai gabatarwa: Allo kuwa, ni a ra'ayina, malam, bar shi. Direba da kallo ba su haɗa hanya ba.

Wata baiwar Allah daga Dambatta ta kawo ƙarar maigida. Ta ce in suka shiga mota ƙirjinta har dukan uku-uku yake, jaririnta kuma a kan cinya, dab da sifika. Haba maigida! Masana sun ce ƙarar da ta kai desibel 85 a ma'aunin sauti, in aka daɗe a cikinta kamar awa 8, tana cin ji, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa. In sai ka ɗaga murya kafin uwargida ta ji ka, ya yi yawa. Kai kanka ta ina za ka ji hon ɗin tirela? Hajiya, in yana kusa ƙara masa rediyon, amma kaɗan.

Saura minti ɗaya. Daga Gumel: kukan sauro a sifika, yana ƙaruwa in an taka totur.

Oga: At ne. A kankare fenti a ɗaure baƙar waya a kan ƙarfe tsirara, a raba wayar sauti da ta wuta.

Mai gabatarwa: Daga Rano: an cire batir, rediyon Honda ya ce sai lambar sirri.

Oga: Ya duba littafin motar da aljihun dashbod, wani lokaci tana manne a nan. Kada ya yi ta canka, zai kulle kansa.

Mai gabatarwa: Mai tambaya ko zai iya sa sifikar ɗaki a but, daga Jahun, da mai son a jona masa lasifikar tallan magani daga Maigatari, ku yi haƙuri sai mako mai zuwa, ga mai labarai ya tsaya min a ka. Oga, mun gode, Allah ya ƙara kasuwa.

Oga: Amin, amin. A gaida mutan Gaya, a duba fis ɗin nan.