Ka ji rauni a wurin aiki a Sakkwato? Ga yadda ake neman diyya

Assalamu alaikum 'yan uwa. A ce lebura ne ya faɗo daga saman gini a Mabera, ko inji ya kama hannun wani a masana'anta. Abin da aka saba gani shi ne maigida ya biya kuɗin asibiti na kwana biyu, ya damƙa masa 'yan dubbai, a ce ƙaddara ce, Allah ya sawwaƙe. Ƙaddara kam gaskiya ce, amma ba ta soke haƙƙi, kuma wannan haƙƙin yana rubuce a doka.

Dokar diyyar ma'aikata ta 2010, wadda ta maye gurbin ta 1987, ta ɗora aikin biyan diyya a kan NSITF, wato hukumar gwamnatin tarayya mai kula da asusun inshorar ma'aikata. Kowane mai ɗaukar ma'aikata, gwamnati ko kamfani, zai riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a asusun hukumar. Daga aljihunsa zai fitar, doka ta hana a cire ko sisi daga albashinka. Kuma ba sai ka tabbatar da laifin maigida ba kafin a biya ka. Abin da ake dubawa shi ne raunin ya same ka ta dalilin aiki. Har hatsarin hanya tsakanin gida da wurin aiki yana ciki, haka ma ciwon da aikin ke jawowa sannu a hankali, kamar ƙurar da ke lalata huhu ko ƙarar inji da ke kashe kunne.

To, ku saurara da kyau, don a nan ne mutanenmu suka fi yin asara: wa'adi. Kana da kwana 14 ka sanar da maigida, kai ko wani naka. Don Allah kada ka tsaya ga faɗa da baki. Rubuta sunanka, ranar da abin ya faru, wurin, da irin raunin, ka riƙe kwafi. Shi kuma maigida kwana 7 doka ta ba shi ya kai rahoto ga hukumar. Takardar neman diyyar kanta sai a shigar cikin shekara 1. Ana iya karɓa har zuwa shekara 3 idan akwai uzuri mai ƙarfi, amma kada ka dogara da wannan. Katin asibiti, rasit ɗin magani, hoton ƙashi, sunan abokin aikin da ya ga lokacin da abin ya faru, duk ka tattara su cikin leda ɗaya ka adana. Ranar gardama su ne bakinka.

Wanda ya nakasa gaba ɗaya, doka ta tanadar masa kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata. Idan rai aka rasa, iyalin mamaci ake biya.

Gardama fa? Wani lokaci maigida ne zai ce ba a bakin aiki abin ya faru ba, wani lokaci hukumar ce za ta ƙi biya ko ta yanke abin da bai kai ba. Kana da kwana 180 daga ranar hukuncin ka nemi hukumar ta sake dubawa. Idan wa'adin ya wuce, ƙofa ta rufe. In ka ga har yanzu ba a yi maka adalci ba, sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, kuma tana da reshe a nan Sakkwato.

Akwai wani zaɓi da nake so ku yi hattara da shi. Kana iya barin asusun ka kai maigida ƙara kotu kai tsaye, amma ba a cin biyu: idan ka zaɓi kotu, ka bar diyyar asusun ke nan, kuma a can sai ka tabbatar da sakacinsa. Ka nemi shawarar lauya ko ƙungiyar ƙwadagonku kafin ka yanke.

Sannan idan aka kawo maka takarda kana kwance a gadon asibiti, aka ce sa hannu ka yafe, kada tsoron rasa aiki ya sa ka yi gaggawa. Dokar ba ta amince da yarjejeniyar da ma'aikaci zai yafe diyyarsa ba. Kai da kake lafiya yau ma, gobe da safe ka tambayi ofishinku ko sun yi rajista da NSITF.