Wai Me Mungo Park Ya Zo Nema a Kogin Kwara?

[Kasuwar Mile 12, ana sauke kwandunan tumatir]

Jama'a, gardamar nan ta ƙi ƙarewa, daga guruf-guruf na WhatsApp har teburin mai shayi a Agege: ta yaya za a ce Bature, wato Mungo Park, shi ya gano Kogin Kwara (Neja), kogin da kakanninmu ke su a cikinsa? Gaskiyarku. Sarkawa da Nufawa ba su jira kowa ya nuna musu ruwa ba. Amma abin da ya hana Turawa barci shi ne inda kogin ya dosa, da inda ya ƙare.

[Taswira, jan layi na tafiya a hankali]

Ku bi layin nan da ido. Kogin ya taso daga tsaunukan Gini, kilomita kusan 240 kacal daga teku. Maimakon ya gangara, sai ya juya wa tekun baya ya nufi Sahara. Ya kai Tumbuktu, ya sha kwana, ya biyo ta Yamai da Yawuri, ya haɗu da Binuwai a Lokoja. Tafiyar kusan kilomita 4,200. Kamar ka hau danfo daga Agege zuwa Ikeja, direba ya bi da kai ta Ibadan.

To wanda ke zaune a Landan, sai labarin fatake, yaya zai haɗa wannan? Wasu suka ce yamma yake gudu. Wasu suka ce da Nilu yake haɗewa, wasu suka ce rairayi ke shanye shi. Shi kansa Park ya ɗauka shi ne Kogin Kwango. Ga kuma abin dariyar: ɗaruruwan shekaru jiragen Turawa na tsayawa a bakin rafukan Neja Delta suna lodin bayi da manja, ba su san a bakin kogin da suke nema suke ba. Ya rarrabu ne gida-gida cikin fadama kafin ya shiga teku, shi ya sa.

[Zanen Park a kan doki]

A 1796 wannan likita ɗan Sikotilan ya isa Segu, a Mali ta yau, ya ga ruwa na gudu gabas. Iyakar abin da ya kai gida ke nan. Ya dawo a 1805 da Turawa wajen 40, zazzaɓi da atuni suka cinye mafi yawansu, shi kuma ya nutse a Busa a 1806. Bai taɓa ganin ƙarshen kogin ba.

Sai Hugh Clapperton, wani hafsan sojan ruwa, shi ma ɗan Sikotilan. Kano da Sakkwato a 1824, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba shi taswira, amma zuwa Yawuri bai yiwu ba. Ya sake dawowa, ya rasu a Sakkwato a 1827.

[Gaɓar ruwa a Badagry]

Nan, cikin jiharmu ta Legas, hadimin Clapperton, Richard Lander, ya sauka da ƙanensa John a 1830. Suka taka har Busa, suka shiga kwalekwale suka bi ruwa. An kama su wajen Aboh, wani basaraken Brass, gari a bakin teku, ya fanshe su, a watan Nuwamba suka ga teku. Su ne suka warware wa Turai matsalar, amma Park ne yara ke haddacewa. A ganina an yi wa Lander ƙwange.

[Babu hoto a nan, ku yi haƙuri da fuskata]

Kuma cikin tawagar akwai wani dattijo Bagobiri, Abubakar, Turawa na ce masa Pasko. Ya yi aiki a jirgin ruwan sojan Ingila, ya yi wa Clapperton tafinta, sannan ya raka su Lander. Shi wannan sai mun ware masa bidiyonsa daban.