"Ya ce": ƙaramar kalmar da mujallar Time ta ɓoye ra'ayi a cikinta

Assalamu alaikum. Shugaban taro, malamaina, ɗalibai masu koyon aikin jarida, barkanmu da war haka.

Kalmar da na zo da ita yau babu wanda bai furta ta ba tun wayewar gari: "ya ce". Ɗan jarida ba ya gama labari sai da ita, don ita ke nuna wa mai karatu bakin da magana ta fito. Ina so mu duba yadda wata tsohuwar mujalla ta Amurka ta sarrafa ta.

A watan Maris na 1923 wasu samari biyu da suka gama jami'ar Yale, Briton Hadden da Henry Luce, suka kafa mujallar Time. Niyyarsu su dunƙule labaran mako guda don mutumin da ba shi da lokacin bin jaridu kullum. Hadden shi ne mai salon. Yana son a yi wa kowane mutum ɗan kirari a gaban sunansa, irin na jarumawan tsofaffin waƙoƙin Girkawa, kuma ba ya son jimla mai sanyi. Ya rasu a 1929, amma salon bai bi shi ba. Shekara da shekaru labaran mujallar suna fita ba sunan marubuci, sai mai karatu ya ji kamar murya ɗaya ce mai sanin komai take ba shi labari.

To, a cikin wannan salo "ya ce" ta yi musu lami. Sai su musanya ta, ko su rataya mata wani abu.

A 1965 wani malamin aikin jarida, John Merrill, ya zauna ya bi yadda Time ta yi rubutu a kan shugabannin Amurka uku, Truman da Eisenhower da Kennedy. Abin da ya tarar ya isa a yi tunani. In Truman ne ya yi magana, sai ka ga an rubuta ya faɗa a gajarce, ko ya faɗa ba sakin fuska, har akwai inda aka yi masa amfani da kalmar da ake yi wa kare in yana haushi. In kuwa Eisenhower ne, ya faɗa da murmushi, ya yi hira cikin raha, ya ɗan dakata ya tattara tunaninsa. Kennedy aka bar shi a tsakiya. Kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa Luce mutumin jam'iyyar Republican ne, ya goya wa Eisenhower baya a zaɓen 1952, Truman kuma ɗan Democrat ne.

Ku lura da inda abin yake damuna. Time tana cikin mujallun farko da suka ɗauki ma'aikata musamman don tantance labari, galibinsu mata. Suna bin rubutu kalma kalma, suna ɗiga alama a saman wadda suka tabbatar. Suna, kwanan wata, adadi, maganar da mutum ya furta, duk ana iya komawa a duba. Amma wa zai tantance cewa fuskar shugaba a murtuke take? Da wane ma'auni? Komai na labarin gaskiya ne, maganar Truman ba a ƙara mata ko wasali ba, amma an riga an gaya maka yadda za ka ji ta kafin ka ji ta.

Bari mu gwada da bakinmu. "Shugaba ya ce haraji zai ƙaru." Wannan labari ne. "Shugaba ya amsa cewa haraji zai ƙaru." Kun ji? Yanzu ya zama mai laifin da aka ritsa. "Ya yi iƙirarin zai rage haraji", an sa masa alamar tambaya. "Ya bayyana cewa" kuwa, wadda muke zubawa ko'ina don gudun maimaici, ta gaskata shi tun kafin a bincika, domin abin da yake akwai shi ake bayyanawa. Sai uwa uba "wai". Harafi uku, amma in ta shiga gaban maganar mutum ta tsige mata fiffike, marubucin kuma ya kakkaɓe hannu ya ce shi bai ƙaryata kowa ba.

Na san an koya wa da yawanku cewa maimaita kalma aibi ne a rubutu. A insha'i, ƙila. A labari kuwa ku maimaita "ya ce" da "in ji shi" sau goma, ido zai wuce ta kansu ya tafi ga maganar, kuma can muke so ya je.

Ba na cewa a haramta sauran. In mutum ya daka tsawa a gabanka, ka ji da kunnenka, tsawar ma labari ce, rubuta ta. Sai dai kafin ka miƙa wa edita, ka cire sunan mai maganar ka sa na wanda kake ƙauna, ka sake karanta jimlar. In ka ji hannunka yana son sauya kalmar, to koma kan "ya ce".

Nan zan dakata, Shugaba, a ba masu tambaya dama.